Yadda ake manna zaren gawayi a cikin kayan lantarki

Duk wanda ya taɓa haɗa tawada ya san gawayi kaɗai ba ya zama a kan allo, sai an sa ƙaro. To, masu ƙera kayan cikin waya da kwamfuta ma sun gamu da irin wannan matsala, sai dai tasu ido ba ya ganin ta.

Sinadarin da ke cikin gawayi, wato kabon, yakan naɗe kamar tabarma ya zama ɗan bututu. Wani masani ɗan Japan, Sumio Iijima, ya bayyana shi a 1991. Siraran cikinsu, sai a jera dubu goma ba su kai kaurin gashi ɗaya ba. Lantarki na gudu a cikinsu sosai, shi ya sa ake so su gaji silikon wajen yin ƙananan makunnan da ake kira taransisto.

Amma fa in an yi su, a cukurkuɗe suke fitowa kamar taliya. Wa zai tsince su ɗaya-ɗaya? Babu hantsakin da zai iya.

Dabarar da masanan kamfanin IBM na Amurka suka nuna a 2012 ita ce ta fi burge mu. Sun zana ƙananan kwaruruka a kan faranti. Ƙasan kwarin na wani sinadari ne mai suna hafniyom oksayid, gefensa kuwa dangin gilashi. Sai suka shafa wani sinadari da hafniyom kaɗai yake kamawa, shi ne ƙaron nasu. Bututan kuma aka lulluɓe su da wani abu irin sabulu, aka zuba a ruwa. Cajin sabulun kishiyar cajin ƙaron ne, don haka suna jan juna. Da aka tsoma farantin, bututan da kansu suka gangara kwari suka maƙale, kuma saboda ƙuncin wurin dole suka kwanta a miƙe. An wanke saura. Makunnai sama da 10,000 suka samu a faranti guda.

Aikin dai da saura. Kusan ɗaya cikin uku na bututan ba ya kashuwa, kullum a kunne yake, sai an tace shi. A 2019 jami'ar MIT ta ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta mai irin waɗannan makunnai sama da 14,000, kuma ta yi aiki. Wayar da ke aljihunmu kuwa, makunnanta na silikon biliyoyi ne.