Mai Ɗauke Da HIV A Lokacin Annoba: Kiyaye Rai Wajibi Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, malamai sun haɗu a kan cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a. Da annobar Amwasa ta ɓarke a ƙasar Sham, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga Sargu bai shiga ba, kuma bai ɗauki wannan a matsayin raunin tawakkali ba. To, wanda garkuwar jikinsa ta raunana shi ya fi kowa cancantar ya bi wannan tafarki.

Ƙwayar HIV tana kai hari ne ga ƙwayoyin jini da likitoci ke kira CD4, watau askarawan da ke tsare jiki. Idan adadinsu ya faɗi ƙasa da 200, sai tarin fuka da sauran cututtuka su sami ƙofa a buɗe. Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da ita a Nijeriya da kimanin mutum miliyan 1.9. Korona kuwa an tabbatar da shigowarta ta Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin tsanantar cutar ko mutuwa ya ƙaru da kashi 30 cikin ɗari ga masu HIV da aka kwantar a asibiti. An janye dokar ta-ɓaci a kanta a watan Mayu, 2023, amma darasinta yana nan.

Na farko, shan maganin HIV kullum ba fashi, domin shi ne ke danne ƙwayar har garkuwa ta farfaɗo. Kullen 2020 ya rutsa da mutane nesa da asibitocinsu, shi ya sa aka faɗaɗa ba da maganin wata 3 zuwa 6 a lokaci guda. Ɗan kasuwa mai fatauci kada ya fita sai da guzurinsa. Mai azumi ya tuntuɓi likita a kan mayar da lokacin sha zuwa dare.

Na biyu, wanke hannu da sabulu. Alwala tsarki ce ta ibada, amma ba ta ɗauke buƙatar sabulu bayan an taɓa kuɗi ko an gaisa da jama'a.

Na uku, sanya takunkumi a motar haya da ofis, da buɗe tagogi, da ƙaurace wa cinkoso. Mai zazzaɓi da tari ya yi salla a gida, yana da uzuri a Shari'a.

Na huɗu, karɓar allurar rigakafi da maganin kariya daga tarin fuka bisa shawarar likita.

Sai dai, jama'a, babban abin da ke rushe waɗannan duka shi ne tsangwama. Ma'aikacin da ke tsoron a gan shi a layin karɓar magani zai ƙi zuwa, matar da ke tsoron saki za ta ɓoye kwalbarta har ta daina sha. Alhali HIV ba ta yaɗuwa ta musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko tsayuwa a sahu. Akwai wanda aka haifa da ita, akwai wadda ta samu a ɗakin aurenta. Wanda ya tona asirin majinyaci har ya bar magani, ya shirya amsar da zai ba Ubangijinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare mu daga annoba, amin.