Takardun Kuɗin Latbiya na Farko, 1919 zuwa 1922

Abin da zan yi magana a kansa shi ne takardun kuɗin da ƙasar Latbiya, wadda ke bakin Tekun Baltik, ta fara bugawa bayan ta yi shelar mulkin kai ran 18 ga Nuwamba, 1918. A ganina, mai tara waɗannan takardu tarihin gwagwarmayar mulki yake tarawa, ko da bai lura ba.

A cikin shekarar 1919 kasuwa ɗaya tana iya karɓar kuɗi iri biyar ko fiye. Akwai rubul na tsohon sarkin Rasha, da kuɗin da sojan Jamus suka buga lokacin mamaya, da takardun da birane irin su Liepaja suka fitar don kansu. Gwamnatin 'yan gurguzu da ta riƙe Riga 'yan watanni ta buga nata, haka kuma Bermondt-Avalov, wani madugun soja, ya buga nasa a Jelgava. Watau duk wanda ya riƙe gari sai ya nemi maɗaba'a.

Cikin wannan ruɗani ne gwamnatin wucin gadi ta Karlis Ulmanis ta ba da iznin buga rubul na Latbiya ran 22 ga Maris, 1919. An yi rubutun takardun da harsuna 3: na Latbiya, da Jamusanci, da Rashanci. Wannan ya fi ɗaukar hankalina, domin mu da muka saba ganin ajami a jikin naira mun san takardar kuɗi tana bayyana wanda gwamnati ke so ya amince da ita. Sai a watan Maris na 1920 aka mai da rubul ɗin kuɗin ƙasa shi kaɗai.

Masu tarawa suna bambanta takardun ta sa hannun ma'aikatan baitulmali, da haruffan lamba, da tambarin da ake gani in an ɗaga takarda ga haske. Takardu biyu masu zane ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a daraja saboda sa hannu kurum.

A shekarar 1922 aka kawo sabon kuɗi mai suna lat, ana canja rubul 50 a kan lat 1. Da yake sababbin takardu ba su samu ba tukuna, sai aka ɗauko na rubul 500 aka buga lat 10 a kansu.

Ƙarancin takarda kuwa ya kai har kan sarki na farko, a 1918, a bayan taswirorin sojan Jamus aka buga su. A 1920 aka yi haka da takardun kuɗin 'yan gurguzu da na Bermondt waɗanda ba a gama ɗab'insu ba. Saboda haka mai neman kuɗin abokan gāban Latbiya yakan same su a bayan kan sarkinta.