Sida: kuwwar da ba ta ƙarewa cikin jini

Duk wanda ya taɓa zama kasuwar Dole ta Damagaram ya san abin da ke biyo bayan kuwwar ɓarawo: kowa ya miƙe, masu gadi su rugo, in an kama shi ƙura ta lafa a koma ciniki. Jikin mutum ma yana da irin wannan kuwwa. Wasu ƙananan sinadarai ne da likitoci ke kira sitokin, waɗanda ƙwayoyin garkuwar jiki ke sakewa cikin jini don kiran ƴan'uwansu in cuta ta shigo. Su ne ma ke kawo zazzaɓi.

To ga inda ƙwayar Sida ta fi sauran wayo. Masu gadin da ake kira CD4 su ne gidanta, kuma ta fi samun shiga cikin waɗanda kuwwa ta tayar. Yawan kuwwa, yawan gidajen da za ta hayayyafa. Ita kuwa ba ta fita daga jiki, saboda haka kuwwar ba ta tsayawa, shekara da shekaru. Mai lafiya yana da CD4 daga 500 zuwa 1500 cikin ɗan ɗigon jinin da ake aunawa. In suka sauka ƙasa da 200, Sida ta kama sosai. Biyu daga cikin sinadaran, TNF da IL-6, in sun daɗe da yawa suna da hannu a ramewar jiki da lalacewar jijiyoyin jini. Tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro kan ƙara tayar da su, ƙwayar ta ƙaru cikin jini. Shi ya sa mai ɗauke da ita bai kamata ya yi wa masassarar damina riƙon sakainar kashi ba.

Ba duka ne ke taimakon cutar ba. A 1995 masu bincike a Amurka sun gano wasu uku da ke toshe mata hanya, a 1996 kuma aka gane ƙofar da suke tsarewa, mai suna CCR5. An kuma gwada yi wa masu cutar allurar IL-2: CD4 sun ƙaru a takardar awo, amma sakamakon 2009 ya nuna mutuwa ba ta ragu ba.

Abin da ya fi shafarmu, ƴan kasuwa, shi ne wani babban bincike a ƙasashe 33 da aka dakatar a 2006. An sa wasu su riƙa hutawa da shan magungunan ARV, wasu su sha kullum. Masu hutun sun fi kwantawa da mutuwa, har da ciwon zuciya, hanta da ƙoda, kuma IL-6 ya hau cikin jininsu. Hajiyar da za ta sari kaya a Kwatano ko Lome, ta ce in ta dawo ta ci gaba, da wannan take wasa. Gara ta gaya wa likita tun kafin tafiya a ba ta abin da zai ishe ta. Tun 2015 Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a soma maganin da zarar awo ya nuna ƙwayar, ba sai an jira CD4 sun faɗi ba.