Madarumfa: ƙasa, ruwa da zaman jama'a

Garin Madarumfa yana kudu da Maraɗi, tazarar da ba ta kai kilomita 30 ba, a cikin kwarin Gulbin Maraɗi. Gulbin daga ƙasar Katsina ya taso. Yakan shigo Nijar daga wajen Jibiya, ya bi ta Madarumfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya koma Nijeriya ya haɗu da kogin Rima. Ruwansa na damina ne. Da rani sai rairayi. Tun da aka gina madatsar Jibiya, wajen farkon shekarun 1990, cikowarsa ta ragu, abin da manoman kwari suka daɗe suna kuka da shi.

Kusa da garin akwai tabkin Madarumfa, wanda ba ya ƙafewa, ko da yake yakan ja baya ƙwarai kafin saukar damina. Gulbin Gabi ne babban mai ba shi ruwa. A kewayensa ne ake da kusheyin waliyyai 99 da jama'a ke ziyarta.

Ƙidayar 2012 ta ba garin mutum dubu 12 da ƴan kai, ƙaramar hukumar kuwa ta haura dubu 70. Galibinsu Hausawa ne, Katsinawa, kuma cikar kwarin tana da nasaba da ƙaurar da ta biyo bayan faɗuwar Birnin Katsina a hannun masu jihadi a 1807. Akwai Fulani makiyaya da Buzaye, waɗanda Hausa ce harshensu na kasuwa.

To, amma adadi bai isa ya shiryar da mai tsara aikin yaƙi da jahilci ba. Abin da ya kamata ya sani shi ne inda mutanen suke, da kuma lokacin da suke da sarari. Mazauna yankin da kansu sun raba ƙasarsu biyu: jigawa da fadama. A jigawa, ƙasar rairayi, hatsi da wake da gyaɗa ake nomawa. Da an gama kaka aiki ya ƙare, samari su tafi cin rani, sauran su zauna gida. A fadama lamarin ya juya. Da ruwa ya janye sai a bi lakar da shuka: taba, tumatir, rogo, dankali, barkono. Masunta kuma suna kan tabki, suna kamun tarwaɗa da karfasa. Ke nan watannin da aka saba buɗe cibiyoyin karatun manya, daga sanyi zuwa bazara, su ne watannin da mutumin fadama ya fi kowa aiki. Idan ajinsa ya watse a tsakiyar zango, sai a rubuta cikin rahoto cewa jama'a ba su da sha'awa. A ganinmu wannan hukunci bai yi musu adalci ba, tun da jadawalin da aka ba su na mutanen jigawa ne.

Akwai kuma batun harshe. A bakin mutanen nan "hwadama" za a ji, da "tahi" da "zamna", alhali littafin koyarwa yana ɗauke da "fadama" da "tafi" da "zauna". Ba mu neman a sake ƙa'idar rubutu saboda gari guda. Sai dai malamin da aka tura ya kamata a horar da shi ya gane cewa ɗalibin da ya rubuta "hw" kunnensa ya bi, kuma ya ji daidai. Abin da ya rage a koya masa shi ne harafi ɗaya, "f", ke wakiltar furucin biyu. Kalmomin darussan farko ma gara a ɗebo su daga bakin tabkin: koma, taru, gora, shadufu, kwari. Tattara su, ƙauye bayan ƙauye, tare da ma'anar da masunta da masu lambu ke ba su, aiki ne da ɗalibai biyu za su iya kammalawa cikin rani guda.