Pinchback: Ɗan Majalisar da Ya Mallaki Bakinsa

Waɗanda suka san sunan P.B.S. Pinchback galibi sun san shi ne a matsayin baƙar fata na farko da ya riƙe gwamna a wata jiha ta Amurka. Gaskiya ne, amma mulkin nan kwana 35 kacal ya yi, daga 9 ga Disamba 1872 zuwa 13 ga Janairu 1873, lokacin da ake shari'ar tsige Gwamna Henry Warmoth na Luwiziyana. A ganina inda ya yi aikin da ya fi nauyi shi ne zauren majalisar jiha da ɗakin buga jarida.

An haife shi a jihar Jojiya a 1837, ubansa Bature mai gandu, uwarsa baiwa ce da uban ya 'yanta. A yaƙin basasar Amurka ya kai muƙamin kyaftin a rundunar baƙaƙe ta Arewa, ya ajiye aikin a 1863 saboda wariyar da ake nuna wa hafsoshi irinsa. A 1868 aka zaɓe shi majalisar dattawan jihar Luwiziyana, inda ya dage a kan dokar da za ta hana a kori baƙar fata daga jirgin ruwa ko otal saboda launinsa.

To, amma doka a takarda daban, abin da ake faɗi a gari daban. Manyan jaridun New Orleans na hannun Turawan da ba su yafe faɗuwar Kudu a yaƙin ba, kullum suna yi wa 'yan majalisa baƙaƙe ba'a. Sai a 1870 ya kafa tasa, Louisianian. Wanda ya ari bakin wani, ai ba zai ci albasar da yake so ba.

Ba waliyyi ba ne. An sha zarginsa da azurta kansa da kujera, kuma jaridar kan kare shi kamar yadda take kare jama'arsa. Duk da haka ta yi masa rana. A 1873 majalisar jiha ta zaɓe shi sanatan tarayya, Washington ta yi ta jan ƙafa har 1876, ta hana shi kujerar. Shekara guda bayan nan sojojin tarayya suka janye daga Kudu, muƙaman baƙaƙe suka riƙa zubewa, jaridar kuwa ta ci gaba da fita har farkon shekarun 1880.

Ya rasu a Washington a 1921. Sai a 1990 aka sake rantsar da baƙar fata gwamna a Amurka, Douglas Wilder na Bajiniya.