Shirin Jarrabawar Lasin Rediyon 'Yan Sha'awa da Matsalar Koyon Haruffan Mos

Abin da muke nufi da rediyon 'yan sha'awa shi ne irin sadarwar nan da mutum yakan kafa a ɗakinsa domin neman sani da gwaje-gwaje, watau ba domin ciniki ko watsa shirye-shirye ba. Da yake zangon da ake magana a kansa dukiya ce ta kowa da kowa, kuma na'urar da ba a daidaita ba tana iya dagula sadarwar jiragen sama da na ruwa, babu ƙasar da ke barin mutum ya fara aika saƙo sai ya ci jarrabawa, an ba shi lasin da lambar kira. Haruffan farkon lambar su ke nuna ƙasa, alal misali 5N na Nijeriya ne, 5U na Nijar, 9G na Gana.

Ba za mu daɗe a kan jarrabawar rubutu ba. Ta ƙunshi dokokin sadarwa, da tushen ilmin lantarki kamar dokar Ohm, da sha'anin eriya, da yadda saƙon gajeren zango ke tafiya, da kiyaye kai daga haɗari. A Amurka matakai uku ne. Na farko da na biyu tambaya 35 kowannensu, ana cin su da amsa 26, na uku kuwa tambaya 50, ana bukatar 37. Rumbun tambayoyin a buɗe yake ga kowa, abin da ke jan ɗalibai da yawa zuwa ga hadda. A ganinmu wanda ya haddace amsa bai taɓa haɗa waya da hannunsa ba, lasin kawai ya samu. A Ingila hukumar City and Guilds ce ta riƙa shirya jarrabawar daga 1946 har zuwa 2003.

Inda magana take shi ne wajen haruffan Mos. Tsarin da Samuel Morse da Alfred Vail suka yi aiki da shi a layin tangarahu tsakanin Washington da Baltimore a 1844, Friedrich Gerke ya gyara shi a 1848, kuma a kan gyaran nan aka gina wanda ƙasashe suka amince da shi a Paris a 1865. Komai nasa awo ne. Gajeren sauti awo ɗaya, dogon sauti awo uku. Tsakanin sautukan harafi guda awo ɗaya, tsakanin harafi da harafi uku, tsakanin kalma da kalma bakwai. Kalmar PARIS tare da tazararta awo 50 ce cif, shi ya sa da ita ake auna sauri. Mai buga kalma 12 a minti, watau saurin da Ingila ta daɗe tana nema, gajeren sautinsa kashi ɗaya ne cikin goma na daƙiƙa. Amurka ta kasa nata gida uku, 5 da 13 da 20, kafin ta mai da su duka 5 a shekarar 2000.

To, yaya ake koya? Hanyar da aka saba ita ce a ba ɗalibi jadawali ya haddace da ido, sa'an nan a riƙa buga masa a hankali. Sai ya ji sauti, ya ƙirga, ya tuno hoton jadawalin, kana ya rubuta. Wannan yana yiwuwa a kalma 5, amma da an doshi kalma 10 sai lokacin ƙirga ya ƙare, ɗalibi ya tsaya cik makonni yana ganin kamar kansa ne ya toshe. William Bryan da Noble Harter sun bayyana irin tsayawar nan a bincikensu kan ma'aikatan tangarahu a 1897 da 1899, har malaman tarbiyya suka daɗe suna kafa hujja da ita cewa kowane koyo yana da wurin cijewa. A 1958 Fred Keller ya musanta haka, ya nuna ba dole ba ne a gamu da ita. Mun fi karkata ga ra'ayinsa, domin abin da ake kira cijewa sau da yawa lokaci ne da ɗalibi ke kwance ɗabi'ar da malaminsa ya ɗaura masa.

Hanyoyi biyu sun yi fice wajen kauce wa wannan. Ludwig Koch, Bajamushe, ya kawo tasa a 1936: a fara da harafi biyu kacal, amma da cikakken sauri, in ɗalibi ya kama kashi 90 cikin ɗari sai a ƙara na uku, haka har a gama. Ta biyu, wadda ake jingina wa Donald Farnsworth, ita ce a buga kowane harafi da sauri, a faɗaɗa tazarar da ke tsakani, sa'an nan a riƙa rage ta. Manufarsu ɗaya, a ji harafi a matsayin sauti guda mai karinsa, kamar yadda mai sauraron kalangu ba ya ƙirga bugu kafin ya gane kirarin da ake yi. Saboda haka ne muke ganin kunne ya kamata ya riga hannu. Wanda ya yi gaggawar fara bugawa yakan saba da tazarar da ba daidai ba, gyaranta kuwa ya fi koyon farko wuya. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku ranar Asabar.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Jamusanci ya samar wa wasulansa masu ɗigo alamunsu, amma ɓ da ɗ da ƙ ba su da gurbi a tsarin duniya. Mai aika Hausa tilas ya buga "kafa" ko da "ƙafa" yake nufi, "baki" ko da "baƙi" yake nufi, ya bar wa mai karɓa ya gane daga jimla.

A 1999 jiragen ruwa suka bar dogaro da Mos wajen neman agaji. Taron sadarwa na duniya da aka yi a Janeba a 2003 ya ɗage tilascin gwajinsa ga mai son aiki ƙasa da megahaz 30, ya bar wa kowace ƙasa zaɓi. Ingila ta soke shi a shekarar, Amurka a Fabrairun 2007. Duk da haka ba a daina koyonsa ba, domin saƙonsa yana cin ɗan fili ƙanƙani a zango, kuma yana ratsa hayaniyar da murya ba ta iya ratsawa, ko da na'urar ba ta wuce wat biyar ba. Ga sabon shiga kuma akwai alamar QRS, wadda ke roƙon abokin magana ya rage sauri.