Komawa Makaranta A Duwala: Kafin A Ɗauko Fiya-Fiya, A Duba Kwata Da Buhun Wake

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, yara suka shirya komawa makaranta a Kamaru, akwai hajar da kasuwarta ke buɗewa a Duwala tare da ta littafi da alli, wato maganin ƙwari. Lokacin damina ce, kwatocin New Bell sun cika sun batse, azuzuwan da aka rufe tsawon hutu sun zama gidan kyankyaso da ɓera, tabarmin makarantun allo kuma sun tara kuɗin cizo. A unguwa irin Bonapriso mai hali kan kira kamfanin feshi. A unguwar Hausawa kuwa, sai malam ya aiki almajiri ya sayo fiya-fiya a 'yar kwalbar da ba ta da suna, a yayyafa da dare, gari na wayewa yara su zauna a wurin.

Mun ga ya dace mu yi wannan magana da 'yan uwanmu 'yan kasuwa, domin kwalbar nan da buhun waken da ake dafa wa ɗalibai duk ta hannunmu suke bi, daga Mubi da Banki da Gamboru har bakin teku.

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2008 an kwashi ɗalibai sama da 120 na Sakandaren 'Yan Mata ta Gwamnati da ke Doma a Jihar Gombe zuwa asibiti bayan sun ci wake, inda binciken hukumar NAFDAC ya gano gubar Gammalin a ciki. A 2013 kuma yara 23 suka rasu a wata firamare a jihar Bihar ta Indiya, saboda man girkin da maganin ƙwari ya gurɓata. Yaro ba babba ba ne: jikinsa ƙarami, a ƙasa yake zama, hannun da ya dafa tabarma shi yake kaiwa baki. Hatsarin irin waɗannan magunguna ne ya sa a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper da danginsa a kasuwanni. Kamaru ma tana da dokar 2003 wadda ta ce sai maganin da hukuma ta tantance za a shigo da shi ko a sayar.

To, in an rage feshi, me za a yi? Masana suna da tsarin da ya haɗa dabaru da yawa, ya bar guba a matsayin makamin ƙarshe. Da farko a gano wane ƙwaro ne, ta ina yake shiga, me yake ci. Sannan a hana shi abinci da ruwa da mafaka: a share ragowar abinci kafin dare, a rufe kwandon shara, a toshe ramuka da siminti, a kafa wa ɓera tarko, a shanya tabarmi da katifu a zuba wa gadaje tafasasshen ruwa. Sai in duk wannan ya gaza a nemi magani mai rajista, wanda ya san aikin ya sa shi a inda ƙwarin suke kaɗai, ranar da babu yara.

Batun sauro ma haka yake. Binciken masana a Duwala da Yawunde ya nuna sauron zazzaɓi ya fara jure magungunan da aka saba fesawa. Amma da aka gwada kashe tsutsarsa tun tana cikin ruwa a wasu unguwannin Yawunde daga 2018 zuwa 2020, da wani magani na ƙwayoyin halitta, cizon ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Ke nan yashe kwata da kifar da tsoffin tayoyi da gwangwanaye a harabar makaranta ya fi hayaƙin dare guda amfani.

Wake kuwa, maganinsa a gida aka samo shi. Tun ƙarshen shekarun 1980 masu bincike a Marwa tare da Jami'ar Purdue ta Amurka suka gano cewa in aka hana ƙwaron wake iska zai mutu da kansa. Daga nan aka samu buhun PICS mai ninki uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje, wanda aka fara yaɗawa a 2007. A busar da wake sosai, a ɗaure kowace leda daban, ya yi watanni ba ɗigon magani. Jarka ko duro mai murfin da iska ba ta shiga ma yana yin wannan aiki.

Don haka muna kira ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa a New Bell da su sa baki. Mai kai wa makaranta hatsi ya faɗi gaskiyar abin da ya zuba a buhu. Mai sayar da magani ya daina ɗura shi a kwalbar lemo ko miƙa wa yaro. Iyaye kuma ranar biyan kuɗin makaranta su tambaya: me ake fesawa a ajin nan, yaushe, kuma wa ke fesawa? Rigakafi dai ya fi magani, kuma cikin yaran da ke zaune a tabarmin nan har da namu.

Allah Ya kare mana zuri'a, amin.